Wurin da Dattawa Suka Ƙi Nunawa

Ku samarin da kuke zuwa ƙofar gidana da la'asar kuna tambayar labarin ginin rijiya, na lura hannuwana kuke fara duba tun ban buɗe baki ba. A ganinku sana'ar duka ƙarfi ce: mutum ya shiga rami, ya yi ta sara har ya ga ruwa. Ɗayanku ma ya ce tunda motar foraj mai haƙa rijiya da inji ta zo, kowa ya iya. Ban yi masa gardama ba, domin baƙona ne. Amma tunda kun roƙa in rubuta, to ku sani mafi wuyar aikinmu yakan ƙare kafin diga ta taɓa ƙasa. Wuyar ita ce a zaɓi wuri, kuma ba a zaɓen wuri sai an auna maganar mutane.

Na yi lakwal a Madawa zamanin da ake koyar da lissafi da bulala. Na fita da sartifika, rubutuna kuma har yau ba ya karkata daga layi. Aka ɗauke ni a ma'aikatar da ke gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, aka haɗa ni da wani dattijo mutumin Galma, Baba Nomau. Shi ya san cikin ƙasa, ni na san awon siminti da ƙarfe, kowa kuma ya girmama abin da ke hannun ɗan'uwansa.

Aikinmu na farko tare a wata fadama ne gabas da Galma, a farkon shekarun saba'in. Maigari ya kai mu gindin wani babban gao, ya buga sanda a ƙasa.

"Ku gina nan," in ji shi. "Inda dut gao yake, ruwa na nan."

Maganar ta zauna mini, domin duk rijiya mai ruwa da na sani a fadama akwai gao kusa da ita. Da muka koma gefe, Baba Nomau ya ce, "Ɗana, busassun rijiyoyin da munka wuce bisa hanya, wane icce ka tsaye bakinsu?"

Na ce gao.

"To, da ruwa da babu ruwa, gao na nan. Mi ya hwaɗa maka ke nan?"

Daga wannan rana na riƙe tambaya guda, da ita kuma na yi aiki har na aje shi: in da babu ruwa a wurin nan, shin zan ga wannan alama, zan ji wannan magana? In amsar ita ce zan ji, to maganar ba ta da nauyi, ko da mai rawani ne ya faɗe ta. In kuwa da wuya a ji ta sai da ruwa, to tana da nauyi, ko da mai kiwon awaki ne ya faɗa.

Tambayar ta Baba Nomau ce, amma tsakuwar tawa ce, kuma ina alfahari da ita. Nakan tsinci tsakuwa goma in raba su tsakanin aljihu biyu, na dama ruwa, na hagu fari. Ba na farawa da rabi da rabi. Ina farawa da abin da irin wannan ƙasa ta saba ba mu: a fadama bakwai ko takwas a dama, a bisan dutse biyu ko uku. Sa'an nan kowace hujja aka kawo in yi mata waccan tambaya. Mai ƙarfi ta ƙetarar da tsakuwa biyu, mai rauni ɗaya, mara amfani ko ɗaya. Ban taɓa tara goman a aljihu guda ba, domin bawa bai da wannan sani. Ma'aikatana sukan yi dariya su ce Shef, wato ni shugabansu, yana dara shi kaɗai. Na bar su da dariyarsu, tunda su ne ke shiga ramin da na zaɓa.

A Tamaske na koyi ƙidayar shaidu. Unguwa guda ta taru ta ce mini wani Bature ya taɓa auna bayan kasuwa da na'ura, ya ce teku ce a ƙarƙashi. Na ware su ɗaya ɗaya ina tambayar wa ya gani da idonsa. Wannan ya ji a bakin surukinsa, surukin ya ji a wurin aski, wanzamin ya ji a bakin wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya kwana garin sau ɗaya. Bakuna sun fi talatin, shaida kuwa ɗaya ce, ita ma ta tafi da kamyonta. Shaidu biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sun fi taron da ya sha labari a ƙwarya guda.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne rai ne a rataye da shi. A wata rijiya kusa da Buza muka tarar da dutsen da diga ke tashi a kansa kamar an bugi uwar maƙera, sai da guduma da ƙusar ƙarfe, a fasa kaɗan kaɗan. Akwai dagi na gwajin ƙasa, da shebur mai gajeren ƙota, da kura da ake rataya igiya a kanta, da mul, wato ƙarfen da ake zuba siminti a bayansa ya zama bangon rijiya, da zobban siminti da muke kira biz, waɗanda ake saukarwa in an kai ga ruwa. Igiya ni da kaina nake bin ta da tafin hannu kowace safiya. Kafin mutum ya sauka sai an zura fitila. In ta mutu, babu mai sauka, ko maigari ya yi fushi. Masu rijiya kuwa halinsu ɗaya ne ko'ina: kowa yana ganin ruwa ya fi kusa da ƙofar gidansa, kuma yana da hujja. Ban taɓa raina su ba. Na dai san za su faɗi haka ko da ruwa ko babu.

Sai shekarar fari ta tamanin da huɗu. Baba Nomau ya riga ya rasu, ni ne shugaban ƙungiya. Aka tura mu wani ƙauye a bisan dutse, arewa da Ibohaman, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Tabkinsu ya ƙafe tun kaka, mata suna sauka kwari da jakai su dawo rana ta karkata, gidaje kuma sun fara ɗaure kaya suna yin kudu. Ma'aikata ta ba mu siminti da ƙarfen rijiya ɗaya tak, an kuma gaya mini a fili babu ta biyu. In muka gina ba ruwa, garin ya watse ke nan.

Dattawa wajen ashirin suka tarbe mu a rumfar masallaci. Akwai maigari, da liman Malam Sule, mutum mai ƙiba da son raha, da ladan Malam Garba, wani siririn tsoho da ya zauna can baya yana jan carbi. Da na tambayi inda suke tsammanin ruwa, duk suka nuna gabas, wani ɗan kwari bayan gonaki. Suka ce ruwan sama yana kwanciya a can, kalgon wurin ba ya bushewa da wuri, kakanni kuma sun ce da ruwa.

"Akwai wanda ya taɓa gini a can?" na tambaya.

Babu.

Na je na duba. Ruwan sama yana kwanciya ne domin laka ce a sama, kuma laka takan riƙe ruwa ko da ƙarƙashinta busasshen dutse ne. Kalgo yana rayuwa da wannan laima. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda suka yi maganar: kalmomi iri ɗaya, a jere iri ɗaya, kowa yana duban na kusa da shi. Shaidun gaskiya sukan saɓa a ƙananan abubuwa, wani ya ce nan, wani ya ce gaba kaɗan. Na fara da tsakuwa uku a dama, na dawo da uku.

A hanyar dawowa na zaga ta yamma. Can na ga wani abu. Turbar da ke zuwa gonaki tana tafe sambal, sai ta lanƙwasa ta kewaye wani fili ba dalili, sa'an nan ta koma kan layinta. A tsakiyar filin akwai tsohuwar kanya da ganyenta, a shekarar da adua ma ta kaɗe. Kusa da ita ƙasa ta ɗan lotsa, zagaye kamar faifai. Ba noma, ba turken dabba, ba ko sawun yara. Na koma na tambayi maigari na wane ne filin.

"Shef, kun ci abinci kuwa?" in ji shi. "A kawo ma baƙi hura."

Lotsawar ƙasa tana iya zama tsohuwar rijiya, tana iya zama rushasshen suri ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Kanya ta fi gao faɗin gaskiya a bisan dutse, amma itace ɗaya ce. Na kai wurin tsakuwa biyar. Ba a jingina ran gari a kan rabi da rabi, don haka na ce wa ma'aikata kada a sauke siminti tukuna.

Kashegari bayan azahar ina zaune a inuwar kamyo ina gyaran bakin igiya, sai ga Malam Garba ladan shi kaɗai. Na shimfiɗa masa buhu. Ya zauna, ya ce:

"Ɗana, wurin da ka tambaya jiya rijiya ta. Ubana shi ka riƙon ta. Shi ba ya salla. Kowace shekara bakin damina sai ya yanka baƙar akuya a bakinta, a zuba ƙasussan ciki. Da gari ya kama salla gaba ɗai, anka cike ta da ƙasa, anka daina zancenta."

Na aje igiyar. Na ce, "Baba, ta taɓa ƙafewa?"

"Yunwar da anka yi ina yaro, garuruwa uku sunka sha daga gare ta." Ya gyara zama. "Na tsuhwa ina kiran salla garin ga. Waɗanda sunka san ubana sun mutu, na baya ba su sani ba. In ka tona, abin da ka ciki za shi hito gaban kowa. Wa za shi yarda ɗan mai tsahi ya tashe shi salla?"

Na yi wa maganarsa tambayar da nake yi wa kowace magana. In da babu rijiya a wurin, me zai sa wannan tsoho ya ƙaga labarin da zai iya raba shi da abin da ya fi so a duniya? Babu gonarsa a can, babu gidansa kusa. Magana da ke cutar mai faɗinta da wuya ta zama ƙage. Duk da haka na nemi abin da zan taɓa da hannu. Ya ce an ɗaure bakin rijiyar da baƙaƙen duwatsu, irin waɗanda babu su a garin, daga kwari aka hau da su. Na ɗauki dagi muka je, ya tsaya nesa yana nuna mini da haɓa. Ban kai zurfin kamu biyu ba dagi ya yi ƙara, na tone da hannu, ga baƙin dutse, ga wani a jikinsa, sun kama zagaye.

Cewa rijiya ce, wannan ya kusa tabbata. Amma rijiyar da ta yi ruwa zamanin ubansa ba lalle ta yi yau ba, domin ruwan ƙasa ya sauka ko'ina a wannan shekara. Tambayoyi biyu ne, kuma wanda ya haɗa su zai ruɗi kansa. Na fito da tsakuwata na jera a kan dutse, na bayyana masa yadda nake yi, na ce bakwai.

"Ukun ga da sunka saura hwa?" in ji shi.

"Su ne mu tona, Baba, kowa ya ga abin da ke ciki, kuma a ƙarshe ba ruwa."

"Gabas nawa ka ba ta?"

"Uku."

Ya yi ɗan murmushi. "Ko wanda bai yi lakwal ba ya san bakwai ta hi uku."

Na ce masa zan gaya wa gari alamun ƙasa ne suka kai ni wurin, ba zan ambaci sunansa ba. Ya ce in yi yadda na ga dama, amma guga ba ta iya rufa asiri ba.

Da na faɗa wa dattawa yamma za mu gina, rumfar ta ɗauki hayaniya. Maigari ya ce, "Shef, an ce maka gabas." Wani ya ce filin da macizai. Na ce muna da sanduna. Wani ya ce na wani ne da ya tafi cin rani. Na ce a nuna mini danginsa in roƙe su. Wani ya ce mata ba za su so nisan ba, alhali ya fi gabas kusa. Ku riƙe wannan, ku samari: in kuka kayar da hujjar mutum ya miƙo wata nan take, kuka kayar ya miƙo wata, to dalilinsa na gaskiya ba ya cikin waɗanda yake miƙowa. Na san akwai wani dalili, amma ban san ko mene ne ba. Ana cikin haka Malam Garba ya miƙe daga bayan rumfa.

"Ku bar shi ya gina," in ji shi.

Nan take gardamar ta ƙare, dattawan suka yarda.

Tonon tsohuwar rijiya ya fi sabon gini haɗari, domin ƙasar cike ba ta da riƙo. Muna sauka muna zuba siminti, ba mu barin bango tsirara ya kwana. Mai saran da na fi amincewa da shi, Hamidan, wani Buzu mara yawan magana, shi ne a ƙasa ranar da guga ta fara fitowa da abin da ba ƙasa ba. Da farko guntayen fasasshiyar tukunya ne. Sai ƙasusuwa. Sai ƙahonin awaki, guga bayan guga, da wani zoben ƙarfe da tsatsa ta cinye. Kusan duk garin yana tsaye a gindin kanya, maza a gaba, mata a baya da tulunansu. Ma'aikatana suna juye gugar a gefe.

Malam Garba ya ratso mutane. Ya warware mayafin da ke kafaɗarsa ya shimfiɗa a ƙasa, ya durƙusa yana tsince ƙahonin yana zubawa a kai. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Kayan ubana na. Shi ka yanka wurin ga. Wanda bai sani ba ya sani yau."

Liman Malam Sule ya matso da ƙyar saboda jikinsa, ya durƙusa kusa da shi yana nishi. Ya ɗauki wani ɗan ƙaramin ƙaho karkatacce, ya juya shi a hannu.

"Garba, wanga na gidanmu na, na rantse. Kakana ya hi kowa kawo akuya, kuma don rowa kullum ramammiya shika zaɓowa."

Wata tsohuwa a baya ta tuntsire da dariya, wasu suka bi ta. Malam Garba ya ɗago yana dubansa.

"Kun sani?"

"Wa ka tsammani bai sani ba?" in ji liman. "Har jikokinmu sun sani. Tun muna samari tsohwahhinmu sunka hore mu kada wanda ya ambaci wurin ga gabanka. Ka taɓa ganin turba ta lanƙwashe da kanta?"

Maigari ya ce, a hankali, "Mun taru kahin baƙin ga su zo. Mun ce a nuna masu gabas, ko Allah shi sa a dace can, kai kuma ba ka ji kunya ba."

"Kuna shirin watsa gari saboda ni?" in ji Malam Garba.

"Kai hwa?" in ji liman. "Ka tsuhwa kana ɓoye muna abin da munka sani. Kama can in kama nan, tsohon banza, gwiwata ba ta son durƙuso."

Suka kama bakin mayafin su biyu, suka kai bayan duwatsu, samari suka haƙa rami aka rufe. A nan na gane abin da ke cikin shaidar mutum ashirin. Shaida ɗaya ce kamar yadda na auna, amma ba a kan ruwa take ba. Kara ce suka yi wa tsohonsu, kuma sun yarda su jefa rijiyarsu guda a kan uku cikin goma domin ita. Awona ya gaya mini maganarsu ba ta da nauyi a zancen ruwa, kuma ya yi daidai. Bai gaya mini abin da ta ɗauka ba.

Aiki bai ƙare a nan ba, domin har yanzu ba mu ga ruwa ba. Muka kai tsohon gindin rijiyar, inda ƙasar cike ta ƙare, muka tarar da shi a bushe ƙayau. Ƙarƙashinsa farin dutse ne. Simintin da ya rage ba shi da yawa, gidaje biyu kuma suka ɗora wa jakai kaya suka tafi a cikin wannan mako. Malam Garba yakan zo bayan kowace salla ya tsaya a bakin ramin. Bai taɓa tambayata ko na sake lissafi ba, ni kuma ban karaya ba, domin busasshen gindi abu ne da na sa rai da shi tun farko, bai ƙwace mini fiye da tsakuwa ɗaya ba. Muka ci gaba da guduma da ƙusa.

Wata rana da hantsi Hamidan ya girgiza igiya, aka jawo guga. Garin dutsen da ke ciki ya yi duhu. Na damƙa a hannu, ya dunƙule bai watse ba. Na sa aka ci gaba. Kafin azahar ruwa ya fara tsattsafowa ta wata tsaga, siriri, ya taru a sawun ƙafar Hamidan. Muka saukar da biz ɗin da ya rage. Ba zan ƙara wa rijiyar abin da ba ta da shi ba: ruwanta ya ishi mutane da awaki, shanu kuwa sai da suka ci gaba da sauka kwari har damina. Amma babu gidan da ya sake ɗaure kaya.

Ruwan farko duk laka ne. Muka zuba a ƙwarya muka bar shi ya kwanta. Bisa al'adar aikinmu na miƙa wa maigari. Bai sha ba, ya miƙa wa liman. Liman ya ce shi ƙishirwarsa ta yi yawa, in ya kafa kai ba zai rage wa kowa ba, ya miƙa wa ladan.

Malam Garba ya karɓa da hannu biyu. Ya kurɓa, ya riƙe a baki kafin ya haɗiye.

"Yana nan da ɗan gishirinai," in ji shi. "Muna yara kullum sai mun yi kuka da shi."

Ya dubi rana, ya ga la'asar ta yi. Ya tsuguna a gindin kanya ya yi alwala da sauran, ya bar ƙwaryar a hannun liman, ya nufi masallaci.